DARASIN LISSAFI: DAGA DAMAGARAM ZUWA MARAƊI CIKIN JIRGIN SAMA

Mutanen Hamdara sun san rugugin jirgin sama. Manomi yana cikin gonarsa, sai ya ji ƙara bisa kansa. Ya ɗaga kai, ya hango jirgi ya nufi Damagaram. Kafin ya kai ƙarshen kunya, jirgin ya ɓace. Da marece a dandali sai gardama ta tashi. Wani ya ce daga Damagaram zuwa Maraɗi minti goma ne cikin jirgi. Wani ya ce a'a, awa biyu ne. Kowa ya kafe bisa maganarsa, amma ba wanda ya auna.

Lissafi ne ke raba irin wannan gardama. Kuma amfanin sanin ya wuce hira. Wata rana likita yana iya cewa a kai mara lafiya nesa da gaggawa. Wani Allah ya kira shi aikin hajji. Wani kuma ɗansa ne ya aiko masa da tikiti. A wannan rana, wanda bai iya karanta lokaci ba, jirgi yana iya tashi ya bar shi, kuɗi su salwanta.

Wannan darasi zai nuna abu uku. Na ɗaya, nisan da ke tsakanin filin jirgin Damagaram da na Maraɗi. Na biyu, yadda ake gano mintocin tafiya. Na uku, yadda matafiyi zai ƙidaya tafiyarsa duka, tun daga ƙofar gidansa.

FILAYEN JIRGI BIYU

Hamdara tana gabas da Mirriya, cikin jihar Damagaram. Babu filin jirgi a Hamdara. Mai son shiga jirgi sai ya bi ta Mirriya ya isa Damagaram. Tsakanin Mirriya da Damagaram kilomita 18 ne ko kusa da haka. Filin jirgin yana bakin gari, ta wajen kudu.

Maraɗi tana yamma da Damagaram. Ita ma tana da filin jirgi a bakin gari. Filayen nan biyu ƙanana ne in an kwatanta su da filin Diori Hamani na Yamai, inda manyan jirage ke sauka daga ƙasashen waje.

Kowane filin jirgi yana da alama ta haruffa uku. Ana buga ta bisa tikiti, ana kuma maƙala ta jikin kaya. Ga alamun da ya kamata a sani:

ZND: Damagaram
MFQ: Maraɗi
NIM: Yamai
AJY: Agadas

Wanda ya koyi haruffa yana iya duba jakarsa da kansa. In za shi Maraɗi ya ga an maƙala mata NIM, ya san za ta wuce Yamai. Sai ya yi magana tun da wuri.

HANYA BIYU, NISA BIYU

Ana auna nisa da kilomita. Kilomita 1 mita 1000 ne. Mutum mai lafiya yana cin kilomita 1 da ƙafa cikin minti 12.

Mota tana bin kwalta. Daga Damagaram ta bi Tirmini, Takeita, Maijirgi, Tasawa, Gazawa, Agye da Cadawa, sannan ta shiga Maraɗi. Tasawa ce kusan tsakiyar hanya. Kwalta ba ta miƙe sak ba. Tana karkata don ta ratsa garuruwa, tana kauce wa tudu da kwari. Saboda haka tsawonta ya kai kusan kilomita 240.

Jirgi ba ruwansa da wannan kewaye. Yana miƙewa kamar shamuwa. Daga filin Damagaram zuwa filin Maraɗi, a miƙe, kilomita 200 ne da ƴan kai. Don sauƙin lissafi za a riƙe 200.

240 a ɗebe 200, saura 40. Tun jirgi bai nuna gudunsa ba, ya rage wa matafiyi kilomita 40.

Malami yana iya nuna wannan a filin makaranta. A kafa turaku biyu, ɗaya Damagaram, ɗaya Maraɗi. A ɗaura igiya tsakaninsu, a ja ta ta miƙe: hanyar jirgi ke nan. A shimfiɗa wata igiya ƙasa tana karkace-karkace daga turke zuwa turke: hanyar mota ke nan. A kwance su, a gwada tsawonsu. Gani ya kori ji.

NISA, GUDU DA LOKACI

Gudu shi ne yawan kilomitan da abu ke ci cikin awa 1. Ga ƙa'idar da za a hardace:

A raba nisa da gudu, a sami lokaci.

Misali na 1, mai tafiyar ƙasa. Yana cin kilomita 5 cikin awa. 240 a raba da 5, a sami awa 48. In yana tafiyar awa 6 kowace rana, 48 a raba da 6, kwana 8 ke nan. Haka fatake suka riƙa kwana bisa hanya da jakai da raƙuma a zamanin Sarki Tanimu, cikin ƙarni na 19. Su da zango suke ƙidaya tafiya.

Misali na 2, mota. A ce tana cin kilomita 60 cikin awa, in an haɗa da ƴan tsaye-tsaye. 240 a raba da 60, a sami awa 4.

Misali na 3, jirgi mai gudun kilomita 300 cikin awa. Tafiyarsa ba ta kai awa ba, saboda haka sai a koma ga minti. Awa 1 minti 60 ce. 300 a raba da 60, a sami 5. Wato jirgin yana cin kilomita 5 kowane minti. Yanzu 200 a raba da 5, a sami minti 40.

Misali na 4, jirgi mai gudun kilomita 480 cikin awa. 480 a raba da 60, a sami 8. Kilomita 8 kowane minti. 200 a raba da 8, a sami minti 25.

Ashe masu gardamar dandali duka ba su dace ba. Ba minti goma ba ne, ba awa biyu ba ce.

Jiragen misalan nan biyu akwai irinsu. A 1966 aka kafa kamfanin Air Niger don zirga-zirga cikin ƙasa. Cikin jiragen da ya yi aiki da su akwai DC-3, mai farfela biyu, wanda gudunsa yake wajen kilomita 300 cikin awa. Wannan kamfani ya daina aiki tuni. A 2014 wani kamfani, Niger Airlines, ya fara jigila da Fokker 50, mai ɗaukar mutum 50 ko kusa da haka. Gudunsa yana kaiwa wajen kilomita 500 cikin awa.

Abin bai fara da haka ba. A 1903, a ƙasar Amurka, wasu ƴan'uwa biyu da ake kira Wright suka tayar da jirgi mai inji. Tashinsa na farko sakan 12 ya yi a sama, ya ci mita 37. Bai kai tsawon gonar kirki ba. A 1925 jirage suka fara sauka a Kano, sun taso daga Masar. Sannu sannu aka kai inda ake yau.

ABU UKU DA KE ƘARA LOKACI

Minti 25 na lissafi ba shi ne matafiyi zai gani bisa agogonsa ba. Akwai abu uku da ke ƙara masa.

Na ɗaya, hawa da sauka. Jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Sai ya gangara a hankali zuwa bakin titinsa. Ya tsaya, matuƙi ya gwada inji, ya jira izini daga hasumiya. Sannan ya sheƙa, ya ɗaga, ya yi ta hawa. In ya kusa isa sai ya rage gudu, wani lokaci ya kewayo don ya fuskanci iska, sannan ya sauka. Wannan duka yana cin minti 10 zuwa 15. Saboda haka tafiyar minti 25 tana komawa minti 35 ko 40.

Na biyu, iska. Mai keke ya san wannan. In iska tana bayansa, tafiya ta yi daɗi. In tana gabansa, sai ya yi gumi. Haka jirgi yake. A ɗauki jirgin nan mai gudun 300, a ce iska tana busowa daga gabas da gudun 60. Za shi Maraɗi, wato yamma, iska tana tura shi. 300 a tara da 60, 360 ke nan, kilomita 6 kowane minti. 200 a raba da 6, minti 33 da ƴan sakan. Da zai komo Damagaram, iska tana gabansa. 300 a ɗebe 60, saura 240, kilomita 4 kowane minti. 200 a raba da 4, minti 50. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, amma zuwa 33, komowa 50.

A lura da wani abu. In babu iska, zuwa da komowa 40 da 40 ne, wato 80. Da iska kuwa 33 da 50 ne, wato 83. Abin da iska ta ba shi wajen zuwa, ta karɓe fiye da shi wajen komowa.

Na uku, yanayi. Lokacin hunturu hazo yana rufe sama, har mutum bai hango ƙarshen gonarsa. Matuƙi ba ya sauka inda bai ga titi ba. Da damina kuma hadari yana tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi. Jirgi ya jira ya wuce, ko ya kewaye shi. Wani lokaci a ɗage tafiya sai gobe. Wannan ba wulaƙanci ba ne, tsaron rai ne. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Akwai ma'aikata masu duba yanayi da masu yi wa matuƙa jagora ta rediyo. Wata hukuma mai suna ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke kula da hanyoyin sama na ƙasashen Afirka da yawa. Tana da makaranta a Yamai, ana kiranta EAMAC, inda ake koyon wannan aiki. Masu karatu a can, da baƙi da wasali suka fara, kamar kowa.

DAGA ƘOFAR GIDA ZUWA ƘOFAR GIDA

Nan ne zuciyar darasi. Tafiya ba daga tashin jirgi take farawa ba. Daga ƙofar gida take farawa, a ƙofar masauki take ƙarewa.

A ɗauki mutum biyu na Hamdara. Dukansu za su Maraɗi. Sun shiga mota ɗaya zuwa Damagaram, saboda haka wannan yanki daidai yake gare su. Daga tasha suka rabu. Ɗaya ya shiga motar Maraɗi, ɗaya ya nufi filin jirgi. Ga misalin lissafin mai jirgi:

Daga tasha zuwa filin jirgi: minti 20.
Jira a filin jirgi: awa 2, wato minti 120.
Tafiya cikin jirgi: minti 40.
Karɓar kaya da shiga gari: minti 30.

A tara: 20 da 120, 140. Da 40, 180. Da 30, 210. Minti 210 awa 3 ne da rabi.

Mai mota kuwa awa 4 ya yi, in motar ta cika ta tashi da wuri. Ashe rabin awa kaɗai mai jirgi ya riga shi. Ga shi kuma kuɗin tikitin jirgi ya ninka na mota sau da yawa.

Me ya sa ake jira haka? Domin ana duba tikiti da katin ɗan ƙasa. Ana auna kaya. Ana bincikar jaka. Ana rufe rajista tun kafin jirgi ya tashi. Wanda ya zo daidai lokacin tashi ya makara. Jirgi ba motar kasuwa ba ne, ba a tsayar da shi da hannu.

Yanzu a gwada da Yamai. Daga Damagaram zuwa Yamai ta kwalta kusan kilomita 890 ne. 890 a raba da 60, kusan awa 15. Ta sama kuwa kusan kilomita 740 ne. 740 a raba da 8, minti 92 da rabi. A ƙara 15 na hawa da sauka, ya kama awa 1 da minti 50 ko kusa da haka, in jirgin bai ya da zango a wani gari ba. A ƙara zuwa fili da jira da karɓar kaya, wato minti 170. Duka bai kai awa 5 ba. Awa 5 ina, awa 15 ina! Nan mai jirgi ya tsira da awa 10.

Ga abin da lissafi ya nuna. Jiran filin jirgi ɗaya ne, ko tafiya gajera ce ko doguwa. In hanya gajera ce, jira yana cinye ribar gudu. In hanya doguwa ce, ribar tana fitowa fili. Mai mara lafiya wanda ba zai jure awa 15 cikin mota ba, shi ya san darajar awa 10. Mai zuwa cin kasuwar Maraɗi kuwa, mota ta ishe shi.

Wani abu kuma: a ƙananan filaye ba kullum jirgin fasinja ke sauka ba. Ranakun suna sakewa. Mutum ya tambayi ofishin kamfani kafin ya bar gida. In jirgi sai jibi, mota ta yau ta riga shi. Matambayi ba ya ɓata.

YADDA AKE KARANTA TIKITI

Tikitin jirgi, wanda wasu ke kira biye, da Faransanci ake yawan rubuta shi. Kalma biyu sun fi muhimmanci. Départ shi ne tashi. Arrivée shi ne isa.

Ana rubuta lokaci daga 0 zuwa 24, ba a cewa safe ko marece. Harafin h yana nufin awa. Ga ƙa'ida: in lambar farko ta wuce 12, a ɗebe 12, abin da ya saura shi ne ƙarfen bayan tsakar rana.

07h00: ƙarfe 7 na safe.
11h45: ƙarfe 12 saura kwata na rana.
14h30: 14 a ɗebe 12, ƙarfe 2 da rabi, bayan azahar.
16h15: 16 a ɗebe 12, ƙarfe 4 da kwata, wajen la'asar.

Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya ga 14h30 ya ce ƙarfe huɗu da rabi ne, don ya ga 4. Ya zo ya tarar jirgi ya tashi tun awa 2 da suka wuce. Lamba ɗaya ta ci masa tikiti. Rashin sani ya fi dare duhu.

Matafiyi ya yi lissafinsa da baya-baya. In Départ 14h30 ne, a ɗebe awa 2 na jira: ya kasance a fili 12h30. A ɗebe minti 20 na zuwa fili: ya bar tasha 12h10. Sannan ya ɗebe lokacin zuwa daga Hamdara, ya ƙara awa guda don jiran mota ko facin taya. In kuwa tashin na safe ne, gwamma ya kwana Damagaram.

A kula da kilo iri biyu. Akwai kilon hanya, shi ne kilomita. Akwai kilon nauyi, shi ne na sikeli. In an rubuta 20 kg bisa tikiti, nauyin kayan da aka yarda mutum ya ɗauka ke nan. Abin da ya ɗara, sai ya biya. Kada a riƙe wuƙa ko aska a jiki ko cikin jakar hannu. Fetur da kananzir ba su shiga jirgi sam.

AGOGO ƊAYA, RANA DABAM

Agogon Damagaram da na Maraɗi da na Yamai ɗaya ne. Ba a taɓa agogo in an sauka. Amma rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya. Damagaram tana gabas, saboda haka tana riga Maraɗi ganin faɗuwar rana da wajen minti 7, tana riga Yamai da kusan rabin awa. Masu azumi sun san wannan. Matafiyi ya sha ruwa da ranar garin da ya sauka.

Mai zuwa Makka kuwa sai ya gyara agogo. Agogon Saudiya yana gaban na Nijar da awa 2. Lokacin Arrivée da aka rubuta bisa tikiti, na garin da za a sauka ne.

ABIN DA ZA A RIƘE

1. Damagaram zuwa Maraɗi: kusan kilomita 240 ta kwalta, kusan 200 ta sama.
2. A raba nisa da gudu, a sami lokaci.
3. Hawa da sauka, iska da yanayi suna ƙara lokaci.
4. Tafiya daga ƙofar gida ake ƙidaya ta.
5. In lambar awa ta wuce 12, a ɗebe 12.

AIKI BISA ALLO

1. Daga Damagaram zuwa Agadas ta sama kusan kilomita 370 ne. Jirgi mai cin kilomita 5 kowane minti, minti nawa zai yi?
2. An rubuta Départ 15h20, Arrivée 16h00. Ƙarfe nawa jirgi zai tashi? Minti nawa zai yi a hanya?
3. Jirgi zai tashi 09h00. An ce a zo awa 2 kafin tashi. Ƙarfe nawa matafiyi zai kasance a fili?
4. An yarda da kilo 20. Jakar wata mata ta yi kilo 27. Kilo nawa za ta biya?

Amsa: (1) minti 74, wato awa 1 da minti 14. (2) ƙarfe 3 da minti 20 na rana; minti 40. (3) ƙarfe 7 na safe. (4) kilo 7.

Kowane ɗalibi ya yi aikin da kansa kafin ya duba amsa. Wanda ya gane ya nuna wa na kusa da shi. Mako mai zuwa kowa ya zo da lissafin wata tafiya da ya taɓa yi, ko zuwa kasuwar Mirriya ce bisa amalanke: kilomita nawa, awa nawa, gudu nawa. Malami ya duba, a gyara tare.